Farautar Haske Bayan Karon Taurari

 

 An nemi in yi bayani kan wani sabon reshe na ilimin falaki, wato yadda ake amfani da na'urorin hangen nesa a nemo haske a daidai wurin da igiyar nauyi ta taso. Zan gina jawabin kan rana guda, Alhamis 17 ga Agusta, 2017. A ranar aka fara cin nasarar wannan aiki, kuma a cikinta za mu ga wahalarsa da ribarsa, mu ga dalilin da ya sa maimaita shi ya yi wuya.

Abin da ake ji

A 1915 Albert Einstein ya kammala nazarinsa kan ƙarfin da ke riƙe mu a doron ƙasa, yake kuma riƙe duniya a kewayen rana. A ganinsa, duk abu mai nauyi yana lanƙwasa sarari da lokacin da ke kewaye da shi, kuma lanƙwasar ce muke ji a jikinmu muna kiranta nauyi. Da shekara ta zagayo sai ya nuna cewa idan manyan abubuwa biyu suna zagaya juna da sauri, lanƙwasar takan bazu ko'ina da gudun haske. Wannan ita ce igiyar nauyi. Duk inda ta ratsa, tazarar da ke tsakanin abubuwa takan miƙe ta wannan fuska ta tsuke ta waccan, sannan ta juya, har igiyar ta wuce.

Shaidar farko a kaikaice ta zo. A 1974 Russell Hulse da Joseph Taylor suka gano wasu matattun taurari biyu masu zagaya juna, da babbar na'urar rediyo ta Arecibo. Aka shafe shekaru ana auna su, aka ga suna matsowa kusa da juna daidai gwargwadon lissafin Einstein, alamar cewa ƙarfinsu yana tsiyayewa ta hanyar igiyar nauyi. Amma jin igiyar kai tsaye sai da aka gina LIGO.

LIGO tashoshi biyu ce a Amurka, ɗaya a Hanford ta jihar Washington, ɗaya a Livingston ta jihar Louisiana, tsakaninsu kimanin kilomita 3,000. Kowace tana da bututu biyu masu tsawon kilomita 4 da suka haɗu a kusurwa. An zuƙe iskar da ke ciki, hasken leza yana kai da komo tsakanin madubai da aka rataya. Idan igiya ta zo, bututu ɗaya ya ɗan ƙaru, ɗayan ya ɗan ragu, kuma canjin ya fi furoton ƙanƙanta sau ɗaruruwa, alhali furoton ɗin kansa ɗan ɓurɓushi ne a tsakiyar ƙwayar zarra. Ranar 14 ga Satumba, 2015, tashoshin biyu suka ji karon baƙaƙen ramuka guda biyu, wato abubuwa masu tsananin nauyi da ko haske ba ya iya fita daga cikinsu, ɗaya ya kai nauyin rana sau 36, ɗayan sau 29, daga nisan da haske ke yi wa tafiyar shekara biliyan 1.3. Wannan aiki ne ya jawo wa Rainer Weiss da Barry Barish da Kip Thorne kyautar Nobel ta 2017.

To, ga matsalar. Na'urar hangen nesa inda aka nuna ta take kallo. LIGO kuwa sama gaba ɗaya take sauraro, har da ɓangaren da ke ƙarƙashin ƙafafunmu, domin igiyar nauyi tana ratsa duniya ta wuce. Hanyar gane inda ta fito ita ce a kwatanta lokacin isowarta a kowace tasha, kuma bambancin tsakanin Hanford da Livingston ba ya wuce kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Da tashoshi biyu kaɗai, abin da ake samu doguwar baka ce da ta ratsa sama. Bari mu sa lamba. Faɗin sama gaba ɗaya digiri murabba'i 41,253 ne. Cikakken wata yana rufe kimanin kashi ɗaya cikin biyar na digiri murabba'i guda. Taswirar karon 2015 ta kai wajen digiri murabba'i 600, wato filin da zai ci wata 3,000. An duba, ba a sami wani tabbataccen haske ba, kuma dama ba a sa rai sosai ba, tunda baƙin rami ba ya sakin haske.

Me ya sa sai an gani?

Igiyar nauyi tana faɗa mana nauyin abubuwan da suka yi karo da nisansu. Ba ta faɗa mana a wace galaksi suke ba, wato a wane babban taron taurari cikin biliyoyin da ke sama. Ba ta faɗa mana me karon ya watsar, da wane sauri, da wane irin sinadari ba. Waɗannan sai haske. Hausawa kan ce gani ya kori ji, amma a wannan fage ji ne ke aiken gani, kuma kowannensu yana ɗauke da labarin da ɗayan ba shi da shi.

Karon da masana suka zuba ido a kai shi ne na taurarin niyutiron. Idan babban tauraro ya ƙare makamashinsa ya fashe, cibiyarsa takan dunƙule ta zama ƙwallo mai faɗin kilomita 20 ko sama da haka kaɗan, amma nauyinta ya fi na rana. Jocelyn Bell ce ta fara jin bugun irin waɗannan taurari a Kambirij ta Ingila a 1967. Su suna da jiki, saboda haka idan biyu suka yi karo dole wani abu ya tarwatse ya haskaka.

An daɗe ana lissafin yadda hasken zai kasance. A 1974 James Lattimer da David Schramm suka ce idan tauraron niyutiron ya yage, tarkacensa zai iya ƙera sinadarai masu nauyi irin su zinariya. A 1989 David Eichler da Mario Livio da Tsvi Piran da Schramm suka ce karon biyu daga cikinsu zai iya haifar da walƙiyar hasken gama, wadda taurarin ɗan'adam na sojan Amurka suka fara gani tun 1967 ba a san tushenta ba. A 1998 Li-Xin Li da Bohdan Paczyński suka nuna cewa tarkacen zai yi haske na 'yan kwanaki saboda sabbin sinadaran suna rugujewa suna fitar da zafi. A 2010 Brian Metzger da abokan aikinsa suka gyara lissafin, suka raɗa wa hasken suna kilonoba. Duk wannan a takarda yake, ana jiran ranar gwaji.

Ba a zauna jira hannu rabbana ba. Tun kafin 2015 masu LIGO da takwarorinsu na tashar Virgo ta Italiya suka ƙulla yarjejeniya da gwamman ƙungiyoyin masana falaki: da zarar an ji wani abu za a sanar da su a asirce, su kuma su kawo rahoton abin da suka gani. Aka ari hanyar aika saƙon gaggawa ta hukumar NASA mai suna GCN, wadda masu bin walƙiyar gama ke amfani da ita tun shekarun 1990. Wasu kuma suka zauna suka tattara jerin galaksin da ke kusa da mu, kowace da matsayinta da nisanta. Ku riƙe wannan jeri a ranku, zai yi rana.

Ranar Alhamis

Da ƙarfe 12:41 agogon GMT, wato 1:41 na rana a Najeriya da Nijar, wata igiya ta gama ratsa duniya. Karon baƙaƙen ramuka na 2015 bai kai rabin daƙiƙa a kunnen LIGO ba. Wannan kuwa ta ɗauki kimanin daƙiƙa 100, tana ƙara sauri tana ƙara kaifi, kuma tsawon nan ya nuna cewa abubuwan ba su kai baƙaƙen ramuka nauyi ba. Jimillarsu kusan nauyin rana sau 2.7. Bayan daƙiƙa 1.7 da karon, tauraron ɗan'adam na NASA mai suna Fermi ya ga gajeruwar walƙiyar gama, ya aika sanarwa da kansa cikin daƙiƙoƙi. Daga baya aka tarar cewa INTEGRAL na hukumar sararin samaniyar Turai shi ma ya gan ta.

Saura kaɗan a yi asara. Ana kusan daƙiƙa ɗaya kafin karon, wata ƙara daga cikin na'urar Livingston kanta ta faɗo kan bayanan, sai kwamfutar da ke tacewa ta ajiye Livingston gefe, ta kawo rahoton Hanford kaɗai. Da mutane suka buɗe bayanan da idonsu suka ga igiyar ɓaro-ɓaro a bayan ƙarar. Cikin kimanin minti 40 aka sanar da ƙungiyoyin da ke jira, amma babu taswirar kirki. Sai da aka share ƙarar, aka haɗa da bayanan tasha ta uku.

Tasha ta ukun ita ce Virgo, a Cascina kusa da birnin Pisa na Italiya, mai bututu na kilomita 3. Ranar 1 ga Agusta ta shiga aikin sauraro tare da LIGO, kuma ranar 25 ga watan za a rufe zagayen sauraron gaba ɗaya. Karon ya faɗo cikin wannan ɗan tsakani. Abin mamaki, Virgo kusan ba ta ji komai ba, kuma rashin jin nata ne ya yi amfani. Kowace tasha tana da 'yan kusurwoyin sama da kunnenta ba ya kamawa sosai. Igiya mai ƙarfi haka, da ta fito daga wani wuri dabam, da Virgo ta ji ta sarai. Tunda ba ta ji ba, to daga kusa da ɗaya cikin kusurwoyin nan ta fito. Bayan sa'o'i biyar da karon aka fitar da taswira mai kimanin digiri murabba'i 30, filin wata 150, a sashen kudu na sama, tare da nisa: tafiyar haske ta kusan shekara miliyan 130.

Wanda ya taɓa fita duban jinjirin watan azumi ya san irin yanayin da masu na'urori suka shiga. Abin da ake nema yana yamma, ƙasa-ƙasa, kusa da inda rana ta faɗi. Kafin magariba hasken rana ya rufe shi, jim kaɗan bayan duhu kuma ya bi ta ya faɗi. Mutane a garuruwa dabam-dabam suna dubawa, wanda ya gani ya kai rahoto, a tantance shaidarsa. Haka wannan fili yake a watan Agusta, sa'a ɗaya ko sama da haka kaɗan ake samu kowane dare. Inda aka fi sa rai shi ne ƙasar Chile, mai tsaunuka a gefen hamadar Atacama, inda manyan na'urorin duniya suka taru saboda bushewar iska da duhun sama. Can kuwa rana ba ta faɗi ba tukuna. Aka yi amfani da sa'o'in jiran wajen tsara dabara.

Dabarun biyu ne. Masu na'urori masu faɗin gani suka yanka filin gida-gida, suka shirya ɗaukar hoton kowane gida. Cikinsu akwai kyamarar DECam da ke kan na'urar Blanco mai madubin mita 4 a Cerro Tololo, wadda ke ɗaukar digiri murabba'i 3 a hoto ɗaya, da VISTA a Paranal. Masu ƙananan na'urori, waɗanda ba za su iya share filin cikin sa'a guda ba, suka koma ga jerin nan na galaksi. Hujjarsu ita ce taurari a cikin galaksi suke zama, kuma LIGO ta ba da nisa. Idan aka cire duk galaksin da suka yi kusa da yawa ko suka yi nisa da yawa, abin da ya rage a cikin taswirar bai wuce 'yan gwammai ba. Aka jera su, manya a gaba.

Dabara ta biyun ce ta fara kamawa. A tashar Las Campanas akwai wata tsohuwar na'ura mai madubin mita 1 kacal, an kafa ta a 1971, sunanta Swope. Wata ƙungiya ƙarƙashin Ryan Foley na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz ce ke aiki da ita a daren. Tun a hotunan farko-farko Charlie Kilpatrick ya kwatanta sabon hoto da tsoho, ya ga ɗigon haske a gefen wata galaksi mai lamba NGC 4993, inda a da babu komai. Ba a cika sa'o'i 11 da karon ba. Ɗigon ya fi ƙarfin idon mutum nesa ba kusa ba, domin ya gaza tauraro mafi dushewa da ido ke gani fiye da sau dubu goma. Cikin sa'a guda wasu ƙungiyoyi biyar, kowace da nata aikin, suka ɗauki hotonsa: DLT40, VISTA, MASTER, DECam da Las Cumbres.

Ganin sabon ɗigo bai isa hujja ba. Kowane dare sama cike take da sababbin ɗigo: duwatsun da ke yawo tsakanin duniyoyi, taurarin da haskensu ke hawa da sauka, da sufanoba, wato fashewar manyan taurari. Sai aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ɗigon bai motsa ba, saboda haka ba dutse ba ne. Hotunan da aka ɗauka na wannan galaksi makonni kaɗan kafin ranar ba su nuna komai a wurin ba. Sannan a daren aka tsaga haskensa zuwa launukansa da na'urar Magellan, abin da muke kira bakan haske, aka ga bai yi kama da na wata sufanoba da aka sani ba. Sufanoba takan yi makonni tana ƙara haske. Wannan kuwa ya fara dushewa tun a kwanan farko.

Duniya na juyawa, dare na tafiya yamma, aiki na bin sa. Daga Chile aka miƙa wa Hawai, daga nan Ostiraliya, sannan Afirka ta Kudu, inda na'urar SALT da ke Sutherland ta ɗauki bakan hasken ranar 18 ga Agusta, kafin dare ya koma Chile. A sama, tauraron ɗan'adam Swift ya kama hasken da ke gaba da shuɗi, wanda ido ba ya gani, bayan kimanin sa'o'i 15. Na'urar hangen nesa ta Hubble ma ta juya ta duba. A kwana na tara na'urar Chandra ta ga hasken eksire, a kwana na 16 na'urorin rediyo na VLA da ke jihar New Mexico suka kama nasu. Kimanin tashoshi 70 a ƙasa da sama suka sa hannu. Ranar 16 ga Oktoba aka sanar da duniya, kuma takardar da ta haɗa labarin tana ɗauke da sunayen marubuta sama da 3,500.

Abin da hasken ya faɗa

Na farko, launi. A daren farko ɗigon shuɗi ne, mai tsananin zafi. Cikin 'yan kwanaki ya koma ja, sannan ya zarce zuwa hasken da ke ƙasa da ja. Lissafi ya riga ya hango haka. A cikin tarkacen karon, ƙwayoyin zarra suna haɗiyar niyutiron ɗaya bayan ɗaya cikin gaggawa, kafin su sami damar rugujewa, har su zama sinadarai masu nauyi. Wani rukuni daga cikinsu yana tare shuɗin haske ƙwarai, sai ja ke iya fita. Daga hasken aka ƙiyasta cewa an watsar da abin da ya kai kusan kashi biyar cikin ɗari na nauyin rana, da gudun kashi ɗaya zuwa uku cikin goma na gudun haske. Ta irin wannan haɗiyar niyutiron ake ƙera zinariya da filatinom da yuraniyom, har da zinariyar Zamfara da yuraniyom na Arlit, tun kafin a yi duniyarmu. Sai dai a yi hattara da abin da jaridu suka yayata. Ba a ga sa hannun zinariya kanta a bakan hasken ba. Sinadarin da aka tabbatar da sunansa shi ne sitironshiyom, wanda Darach Watson da abokan aikinsa suka bayyana a 2019 daga bayanan na'urar VLT. Har yanzu masana suna jayayya kan ko karon taurarin niyutiron kaɗai ya isa ya samar da duk sinadarai masu nauyi da ke galaksinmu.

Na biyu, walƙiyar gama. An tabbatar da hasashen 1989: karon taurarin niyutiron yana haifar da gajeruwar walƙiya. Amma wannan ta zo da wasa ƙwaƙwalwa, domin duk da kusancinta ta gaza takwarorinta ƙarfi sau dubbai. Hasken eksire da na rediyo kuma, maimakon su dushe, sai suka yi ta ƙaruwa har kusan wata biyar. Amsar ta fito ne da aka haɗa na'urorin rediyo masu nisa da juna suka zama kamar ido guda, aka ga tushen hasken ya gusa tsakanin kwana na 75 da na 230. Karon ya harba siririn feshi mai gudu kusa da na haske, amma bai saito mu ba, ya kauce da kimanin digiri 20. Gefensa muka gani da farko, sai da ya rage gudu ya buɗe sannan haskensa ya iso mu sosai.

Na uku, gudu. Igiyar nauyi da hasken gama sun yi tafiyar shekara miliyan 130, suka iso da tazarar daƙiƙa 1.7. Wannan ya nuna cewa idan ma akwai bambanci tsakanin gudunsu, bai wuce 'yan kashi kaɗan cikin miliyan sau biliyan ba. Da wannan awo guda aka yi watsi da ra'ayoyi da dama da aka ƙirƙira don maye gurbin nazarin Einstein.

Na huɗu, faɗaɗar sararin samaniya. Tun 1986 Bernard Schutz ya nuna cewa igiyar nauyi tana ɗauke da nisanta a jikinta. Haske kuma yana faɗin saurin da galaksi ke nisanta da mu. Idan aka haɗa biyun za a sami ma'aunin Hubble, wato saurin faɗaɗar sarari. Tsofaffin hanyoyi biyu sun saɓa, ɗaya tana ba da kimanin 67, ɗayar kimanin 73. Karon 2017 ya ba da 70, amma da ratar kuskure mai faɗin da ta haɗiye duka biyun. Raba gardamar yana buƙatar gwamman irin wannan karo, kowanne da galaksinsa a hannu.

Shekarun shiru

Bayan 2017 mutane da yawa sun ɗauka za a riƙa samun irin wannan akai-akai. Da aka buɗe zagayen sauraro na uku a Afrilun 2019, aka daina sirri, sanarwa ta koma fili, kowa na iya karɓa cikin mintoci. Ranar 25 ga watan aka ji karo na biyu na taurarin niyutiron. Amma Hanford ba ta aiki a lokacin, Virgo kuma bai kai kunnenta ba, saboda haka taswirar ta haura digiri murabba'i 8,000, nisan kuma kusan shekarar haske miliyan 500. An nema, ba a samu ba. Ranar 14 ga Agustan shekarar aka sami taswira ƙarama, ƙasa da digiri murabba'i 20, ta karon baƙin rami mai nauyin rana 23 da wani abu mai nauyin rana 2.6. Nan ma babu haske. A Janairun 2020 aka ji baƙaƙen ramuka sun haɗiye taurarin niyutiron har sau biyu, kuma alamu sun nuna ɗungurungum suka haɗiye su, ba su bar tarkace a waje ba. Zuwa ƙarshen zagayen an tara karo 90, mafi yawansu na baƙaƙen ramuka, ɗaya tak ke da tabbataccen haske. Aka buɗe zagaye na huɗu a Mayun 2023, ganowa ta ƙaru ƙwarai, amma na ramuka ne suka ci gaba da rinjaye.

Yanzu muna iya auna rabon sa'a a nasarar 2017. Karon ya yi kusa, tashoshi uku suna aiki, Fermi yana kallon ɓangaren da ya dace, kuma da ya jinkirta 'yan makonni da rana ta rufe wurin. Akwai kuma wani lissafi da ke aiki a kan masu nema. Idan aka ninka kaifin kunnen LIGO sau biyu, nisan da take ji yakan ninka sau biyu, girman sararin da take sauraro kuma sau takwas. Ke nan yawancin sababbin karo daga can bakin iyakar jinta za su fito. Haske kuwa, idan nisa ya ninka biyu, yakan ragu sau huɗu. Karon Afrilun 2019 ya ninka na 2017 nisa kusan sau huɗu, don haka kilonobarsa za ta gaza waccan sau goma sha wani abu, a cikin filin da ya fi girma sau ɗaruruwa, kuma cikin kwana biyu ko uku ta dushe. A wannan nisa jerin galaksi ma yana da giɓi. Dabarar da ta ba Swope nasara ba za ta wadatar ba nan gaba.

Shirin gobe

Amsar da masana suka bayar kashi uku ce. Ta farko, ƙarin kunnuwa, domin kowace sabuwar tasha tana rage girman taswira. Japan ta gina KAGRA a ƙarƙashin dutse a Kamioka, Indiya kuma ta amince a 2023 da gina tashar LIGO a gundumar Hingoli ta jihar Maharashtra. Ta biyu, idanu masu faɗi da ke aiki da kansu. ZTF a Palomar ta Kalifoniya tana ɗaukar digiri murabba'i 47 a hoto guda. GOTO tana da tasha a tsibirin La Palma na Sifaniya da wata a Siding Spring ta Ostiraliya, don kada dare ya kuɓuce mata, kuma tana juyawa da kanta idan sanarwa ta iso. BlackGEM tana La Silla a Chile. Babbar cikinsu ita ce tashar Vera Rubin a Cerro Pachón, mai madubin mita 8.4, wadda ta fitar da hotunanta na farko a Yunin 2025, kuma ta haɗa faɗin gani da zurfinsa. Akwai kuma hanyar bin walƙiyar gama ita kaɗai: a 2023 na'urar James Webb ta bi wata walƙiya ta ga kilonoba, har da alamar sinadarin teluriyom a bakan haskenta.

Ta uku ita ce ta fi shafar ɗaliban da ke zaune a nan, wato tacewa. Na'ura mai faɗin gani takan fitar da dubban sababbin ɗigo a dare ɗaya. Da yawa lahani ne na hoto, wasu duwatsu ne, wasu sufanoba. Manyan na'urorin da za su iya ɗaukar bakan haske kaɗan ne, lokacinsu kuma tsada gare shi, ba za a nuna su ga kowane ɗigo ba. Dole wani ya rubuta manhajar da za ta cire tsohon hoto daga sabo, ta zubar da shara, ta jera 'yan kaɗan ɗin da suka cancanci a duba kafin gari ya waye. Wannan aikin lissafi ne da kwamfuta, kuma ba ya buƙatar mutum ya mallaki dutse a Chile.

Kayan aikin a buɗe suke. Bayanan LIGO da Virgo, har da na ranar 17 ga Agusta, suna intanet kyauta tare da darussan koyon sarrafa su. Saƙonnin GCN kowa na iya karantawa, ya ga yadda masana ke kai rahoto sa'a bayan sa'a. Ƙungiyar GOTO ta buɗe wani shiri a dandalin Zooniverse mai suna Kilonova Seekers, inda duk mai waya zai iya duba sababbin hotuna ya taimaka wajen raba ɗigon gaske da na bogi. Shawarata ga malaman kimiyyar fiziya da lissafi da kwamfuta ita ce su ɗauki bayanan wannan karo guda su mai da su aikin aji: ɗalibi ya sauke su, ya ga ƙarar Livingston da idonsa, ya share ta, ya fitar da igiyar, ya lissafa nauyin taurarin. Wanda ya yi haka sau ɗaya ya san abin da ake nufi da awo da kuskuren awo fiye da wanda ya haddace babi goma.

Babu wanda ya san ranar da karo na kusa zai sake zuwa, ko tasha nawa za su kasance a kunne a lokacin. Abin da ke hannun mutane shi ne jerin galaksi, da manhaja, da yarjejeniyar musayar labari, da ɗaliban da aka horar tun kafin ranar. Waɗannan su suka ba na'urar mita ɗaya damar riga manya a 2017.